Zinare Biyar a Edmonton: Wane Ne Ɗalibi a Gasar Jami'o'in Duniya?



Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da abokan aikina, masu horar da 'yan wasa da nake hangowa can a layin baya, 'ya'yana ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma. An nemi in yi magana a kan gasar wasannin jami'o'in duniya, wadda aka daɗe ana kira Universiade. Zan fara da wani mako guda na watan Yulin 1983, domin duk abin da nake son faɗa yau yana ƙunshe cikin wannan makon.

A birnin Edmonton na ƙasar Kanada aka yi gasar a wannan shekara. Matasa biyar 'yan Nijeriya suka shiga fili da riga kore da fari, kowannensu ya fito da lambar zinare. Chidi Imoh ya ci tseren mita 100. Innocent Egbunike ya ci na mita 200. Sunday Uti ya ci na mita 400. Yusuf Alli ya ci dogon tsalle, Ajayi Agbebaku kuma ya ci tsalle mai hawa uku. Ku tsaya ku auna wannan. Duk gajerun tseren maza guda uku, a filin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kawo ɗalibansu, ƙasa ɗaya ta Afirka ta kwashe su. Shekara guda bayan haka Uti da Egbunike suna cikin mutum huɗun da suka ciyo wa Nijeriya tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu a Olamfik ta Los Angeles. A 1985 kuma, a birnin Kobe na Japan, Imoh ya sake cin mita 100, Egbunike ya koma mita 400 ya ci.

Duk da wannan nasara, ba a buga taken Nijeriya a Edmonton don karrama ko ɗaya daga cikinsu ba. Ba wulaƙanci aka yi mana ba. A wannan gasa ba a buga taken kowace ƙasa idan ana rataya lamba. Wata tsohuwar waƙar ɗaliban Turai ce da harshen Latin, mai suna Gaudeamus Igitur, ake bugawa ga duk wanda ya ci, ko Ba'amurke ne ko Basine ko ɗan Nijeriya. Don a gane dalilin wannan al'ada sai mun koma baya kaɗan.

Wani Bafaranshe mai suna Jean Petitjean ne ya shirya gasar ɗaliban duniya ta farko a Paris a 1923, shekara biyar kacal bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye samarin Turai. Tunaninsa shi ne yaran da suka yi tsere tare suna ɗalibai za su ji nauyin ɗaukar bindiga a kan juna idan sun zama manya. Tunanin bai hana yaƙi na biyu ba. Da aka gama shi kuma, duniya ta rabu gida biyu, wasannin ɗalibai ma suka rabu. Ƙasashen gurguzu suna yin nasu ƙarƙashin wata ƙungiyar ɗalibai mai mazauni a birnin Prague. Na yammacin Turai suka kafa hukumar wasannin jami'o'i ta duniya, wato FISU, a 1949. Kusan shekara goma kowa yana cin gashin kansa, sai a 1957 ɓangarorin biyu suka haɗu a fili ɗaya a Paris. A 1959, a birnin Turin na Italiya, aka yi gasa ta farko da sunan Universiade, sunan da aka haɗa daga kalmar jami'a da kalmar Olamfik a harsunan Turai. Ƙasashe da dama suka halarta. Wanda ya tsaya a kan shirin wani ɗan birnin ne mai suna Primo Nebiolo, wanda ya shugabanci FISU daga 1961 har ya rasu a 1999, ya kuma haɗa da shugabancin hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya tun 1981. A Turin ɗin aka ajiye taken ƙasashe gefe. A tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, lokacin da Jamus ta rabu biyu, Koriya ma ta rabu biyu, ana jayayya a kan wace ce Sin ta gaskiya, waƙa ɗaya ta minti guda tana iya tarwatsa taro.

Siyasa dai ba ta bar su ba. A 1967 Tarayyar Sobiyet da wasu ƙawayenta sun ƙaurace wa gasar Tokyo saboda saɓani a kan sunan da za a kira Koriya ta Arewa da shi. A 2003 kuwa, a Daegu, 'yan wasan Koriya biyun suka shigo fili tare a bikin buɗewa. Gasar da aka ba birnin Yekaterinburg na Rasha ta 2023 an janye ta bayan mamayar Yukiren. Wannan ɓangaren tarihi yana da yawa, amma ba shi ya kawo ni ba.

Ga yadda gasar take a yau, a taƙaice. Ana yin ta duk bayan shekara biyu, a shekarun mara, akwai ta bazara akwai ta hunturu, wadda aka fara a Chamonix ta Faransa a 1960. Tun 2020 an sauya mata suna zuwa wasannin jami'o'in duniya na FISU, hukumar kuma tana zaune a Lausanne ta Siwizalan. Wasanni 15 ne na dole a ta bazara, cikinsu akwai guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, tanis, judo, taikwando, wasan takobi da harbin kibiya. Ƙwallon ƙafa, wadda ita ce kaɗai wasa a idon yawancinmu, an cire ta daga jerin bayan gasar Naples ta 2019, aka ware mata kofinta daban. Annobar korona ta sa gasar Chengdu ta 2021 sai a 2023 aka yi ta. Ta 2025 a yankin Rhine-Ruhr na Jamus aka yi, an tsara ta 2027 a Chungcheong ta Koriya ta Kudu, ta 2029 a jihar North Carolina ta Amurka.

Kada kowa ya ɗauka wasan yara ne don an ce na ɗalibai. A Sofiya ta Bulgeriya a 1977, Alberto Juantorena na Kyuba ya kafa tarihin duniya a mita 800, kuma a wannan gasar Larry Bird ya buga wa Amurka ƙwallon kwando kafin duniya ta san shi. A 1981 Nadia Comaneci ta yi wasa gaban mutanenta a Bukares. Wanda na fi so in ba ɗalibai labarinsa shi ne Pietro Mennea, ɗan garin Barletta a kudancin Italiya, mutum siriri wanda ba za ka gan shi ka ce zai tsere wa kowa ba. Ranar 12 ga Satumba, 1979, a birnin Mekziko, ya gudu mita 200 cikin daƙiƙa 19.72. Gaskiya ne tudun birnin, wanda ya haura mita 2,200 daga gaɓar teku, yana taimakon mai gajeren tsere saboda iskar ba ta da nauyi. Amma wasu ma sun gudu a wannan tudu, kuma tarihin Mennea ya zauna kusan shekara 17, sai a 1996 Michael Johnson ya karya shi. Mennea ɗalibin kimiyyar siyasa ne lokacin. Daga baya ya karanta shari'a ya zama lauya, ya kuma zauna a Majalisar Turai. A wurinsa kalmar ɗalibi ba rigar aro ba ce.

Wannan kalma ita ce jigon zancena. Dokar gasar ta ce ɗan wasa ya kasance tsakanin shekara 18 da 25, yana karatu a jami'a ko wata babbar makaranta da ƙasarsa ta amince da ita, ko kuma ya kammala a shekarar da ta gabaci gasar. A da iyakar ta kai shekara 28, aka rage. Doka ce mai sauƙin karantawa, amma tun farko kowace ƙasa da irin fassarar da take yi mata. A ƙasashen gurguzu gwamnati kan ɗauki ɗan wasa ta sa sunansa a makarantar koyon motsa jiki, aikinsa horo safe da yamma, a takarda kuwa ɗalibi ne. A Amurka jami'a ke ɗaukar yaro ta biya masa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, shi kuma ya yi mata gudu ko ƙwallo, da sharaɗin kada makinsa na aji ya faɗi ƙasa da wani mizani. A wasu ƙasashen ɗalibi ne na zahiri, mai fitowa daga ɗakin gwaje-gwaje ya tafi fili da takalmin da ya saya da kuɗinsa. Duk ukun kan tsaya a layi ɗaya a ji ƙarar bindiga. A Kazan a 2013 Rasha ta fito da zaratan 'yan wasanta, har da masu lambobin Olamfik, ta kwashe zinare sama da 150, mutane da yawa suka tambaya ko gasar ɗalibai ce wannan. Ni ma ina cikin masu tambayar.

Yanzu mu koma Edmonton mu yi wa kanmu irin wannan tambaya. A ina gwarazanmu suke karatu? Chidi Imoh da Yusuf Alli a Jami'ar Missouri. Egbunike a Azusa Pacific da ke Kalifoniya. Sunday Uti a Iowa State. Rigar tamu ce, jinin namu ne, makarantun firamare da sakandaren da suka fara gano su namu ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai filin da suka yi horo na shekaru, da kocin da ke riƙe da agogo, da likitan da ke duba cinyar da ta gurɗe, da abincin da aka auna musu, duk na wasu ne. Ba na faɗin haka don in rage musu komai. Sun je inda aka buɗe musu ƙofa, kuma da aka kira su sun dawo sun sa rigar ƙasarsu. Har gobe hanyar ke nan. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, ta Jami'ar Texas da ke El Paso ta bi, kamar yadda Blessing Okagbare ta bi kafin ita. Abin da ke ci mini rai shi ne, shekara arba'in da ɗoriya bayan Edmonton, yaron da Allah ya ba ƙafa a Gusau ko Azare ko Maraɗi, in yana son ya haɗa gudu da digiri, mafarkinsa na farko biza ne.

Ba wai ba mu da tsari ba. Ƙungiyar wasannin jami'o'in Nijeriya, NUGA, ta yi gasarta ta farko a Ibadan tun 1966. Akwai gasar jami'o'in Afirka ta Yamma, akwai ta Afirka baki ɗaya, wadda aka yi a Bauci a 2004, aka kuma yi a Legas a 2024. Matakalar tana nan daga ƙasa har sama. Abin da ya lalace shi ne matakin farko, wanda ƙafa ke fara takawa.

Mun gaji wata al'ada daga jami'o'in Ingila, cewa yammacin Laraba ba a sa darasi, na wasanni ne. Waɗanda suka yi jami'a a zamaninmu sun san wannan. Yau ku duba jadawalin kowane sashe ku gani. Ɗalibai sun yi yawa, azuzuwa sun yi kaɗan, sai aka cinye Laraba, kuma mu malamai muka cinye ta. Ƙari a kan haka, ɗan wasa da kalanda yake rayuwa. Koci yakan ƙirga makonni daga ranar gasa ya dawo baya, ya san yaushe za a yi horo mai nauyi, yaushe za a sassauta don jiki ya kai ganiyarsa ranar da ake so. A 2022 jami'o'in gwamnatin tarayya sun zauna a rufe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aiki. Ba na shiga batun wa ke da gaskiya a wannan rikici, yana da nasa zauren. Ina magana ne a kan jikin ɗan shekara 21. Darasin da aka rasa ana iya rama shi da karatun dare, amma wata takwas na ƙuruciyar mai tsere ba ya dawowa, kuma iyakar shekara 25 ba ta jiran a janye yajin aiki.

Na taɓa koyar da wata yarinya a wata jami'a da ba zan ambata ba. Tana wasan taikwando, kuma duk wanda ya ga yadda take ɗaga ƙafa ya san baiwa ce. Aka gayyace ta sansanin zaɓen 'yan wasa, ranakun suka faɗo kan gwajin wani kwas. Ta kai takardar gayyatar ofis, aka ce mata ta zaɓa, ko karatu ko wasa. Ta zo wurina tana riƙe da takardar. Na bi mata ofis biyu, a kowanne aka nuna mini cewa babu wata ƙa'ida a rubuce da ta ba da damar a sake mata gwaji, kuma gaskiya suka faɗa, babu. Ta zauna ta rubuta gwajinta, ta ci, ta gama digiri da sakamako mai kyau. Ba ta sake sa fararen kayan wasan ba. Na daɗe ina tuna ta, musamman da na ga Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ya ciyo azurfa a taikwando a Olamfik ta 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Wasa ne da ba ya bukatar filin biliyoyin naira. Ɗaki, tabarmar roba, koci, da shugabannin makaranta masu yarda cewa abin da ɗalibar ke yi aiki ne.

Tun da na ambaci 'ya mace, bari in yi magana da iyaye da ke cikin zauren nan, domin na san damuwarku kuma ba na raina ta. Batun sutura ne da batun cuɗanya. Ku sani dokoki sun canza. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta halatta rufe kai tun 2017. Ibtihaj Muhammad ta Amurka, wadda ta yi Jami'ar Duke, da hijabinta ta ciyo tagulla a wasan takobi a Olamfik ta 2016. Harbin kibiya, ƙwallon tebur, taikwando, duk ana yin su jiki a rufe. Abin da ya rage namu ne: a ware wa mata lokacinsu a fili, a samo mata masu horarwa, a tabbatar akwai malama a cikin kowace tawaga mai tafiya. Jami'ar da ta yi waɗannan uku za ta ga iyaye sun saki jiki.

Akwai masu cewa maganin duk wannan shi ne mu nemi a kawo gasar gida, tun da ba a taɓa yin ta bazara a nahiyar Afirka ba. Na fahimci kishin da ke bayan maganar. Manyan ƙasashe sun yi amfani da gasar a matsayin gwajin tuƙi. Mosko ta karɓi ta 1973 kafin Olamfik ta 1980. Beijin ta karɓi ta 2001 makonni kaɗan bayan an ba ta Olamfik ta 2008. Amma ina roƙon masu wannan ra'ayi su karanta labarin Sheffield. Birni ne a Ingila da masana'antun ƙarfensa suka durƙushe, ya karɓi gasar 1991 da fatan ta farfaɗo da shi. Ya ci bashi ya gina filaye da wurin ninƙaya. Bashin ya bi birnin sama da shekara 30. Babban filin guje-gujen, Don Valley, inda Jessica Ennis ta yi horo har ta ci zinare a Olamfik ta 2012, an rufe shi a 2013 aka rushe, saboda hukumar birnin ta kasa ɗaukar nauyin kula da shi. An rushe fili ana kan biyan bashinsa. In haka ta faru a Ingila, mu da muka san yadda ciyawa ke cinye filayen da muka gina don bukukuwan mako biyu ya kamata mu yi taka-tsantsan. Kuɗin bikin buɗewa kaɗai zai shimfiɗa hanyar tsere ta roba a jami'o'i da dama.

Wani abu guda a tsarin gasar yana burge ni. Mai masaukin baƙi yana da damar ƙara wasannin da ya zaɓa a kan na dole. Kazan, babban birnin Tatarstan, ta sa kokawar ɗamara, wadda mutanenta suka gada kaka da kakanni. Chengdu ta sa wushu, wasan faɗa na gargajiyar Sin. Sun iya yin haka ne domin sun riga sun rubuta wa wasanninsu dokoki, sun raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi, sun horar da alƙalai, sun shigar da su makarantu. Mu muna da kokawa da dambe da langa. A Nijar gasar takobi ta kokawa tana tsayar da ƙasa cak, daga Yamai har Difa kowa na bakin rediyo. Jami'o'inmu suna da sassan koyar da ilimin motsa jiki da lafiya, suna da masu nazarin al'ada da suka rubuta kundaye a kan kirarin 'yan dambe. Ban ga abin da zai hana sassan nan biyu su zauna teburi ɗaya su fitar da kokawar ɗalibai mai doka da likita a gefe ba.

Mai girma shugaba, lokacina ya kusa ƙarewa. Akwai mambobin majalisar malamai a zauren nan, kuma su nake fuskanta yanzu. A zamanku na gaba ina roƙon a gabatar da takarda mai shafi ɗaya. Sakin layi na farko ya ce daga ƙarfe biyu na ranar Laraba babu darasi babu gwaji a kowane sashe. Na biyu ya ce ɗalibin da ya kawo gayyata a rubuce daga NUGA ko daga hukumar wasa ta ƙasa za a sake masa ranar gwaji, muddin makinsa bai gaza mizanin da majalisa za ta yanka ba. Na uku ya ce kuɗin wasanni da kowane ɗalibi ke biya lokacin rajista a liƙa lissafin yadda aka kashe shi a allon sanarwa ƙarshen kowane zango. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke jiran kasafin kuɗi daga Abuja. Na rubuta daftarin, yana cikin jakata, zan miƙa wa magatakarda kafin in sauka daga nan.

Masu horarwa da ke layin baya, ku matso gaba, akwai kujeru. Tambayoyin farko naku ne.